Hazon Beijing na Disambar 2015 da dokar ajiye rabin motoci a gida

Birnin da irin iskarsa

A shekarar 2015 Beijing, babban birnin ƙasar Sin, yana da mutane kimanin miliyan 21 da dubu 700, da motoci masu rajista wajen miliyan 5 da dubu 600. Duwatsu sun tokare shi ta fuska biyu: jerin Yanshan ta arewa, ƙarshen jerin Taihang kuma ta yamma. Kudu da gabas fili ne fetal, kuma a wannan filin lardin Hebei yake, lardin da ya fi kowane narka ƙarfe a ƙasar. Tangshan, Baoding, Shijiazhuang da Handan duk garuruwan ƙarfe ne da siminti da gilashi da kwal. Birnin Tianjin mai tashar jiragen ruwa ma yana nan kusa, ta kudu maso gabas.

Saboda wannan zama, iska iri biyu ce ke juya rayuwar birnin a lokacin sanyi. Idan ta taso daga arewa maso yamma, wato daga Mongoliya da Siberiya, busasshiya ce mai ƙarfi, cikin sa'o'i kaɗan take share sararin sama tas. Idan kuwa ta kwanta, sai wata mai rauni da danshi ta lallaɓo daga kudu ɗauke da hayaƙin Hebei, ta zo ta ci karo da duwatsu ta tsaya. A irin waɗannan ranaku iska mai ɗumi kan hau saman mai sanyin da ke ƙasa ta danne ta, kamar an kifa faifai a bakin tukunya. Sararin da hayaƙi ke watsuwa a cikinsa, wanda a rana mai kyau yakan haura kilomita guda a tsaye, sai ya tsuke ya koma mita ɗari biyu ko uku. Hayaƙin da ake fitarwa bai ƙaru ba, wurin da zai shiga ne ya ragu.

Wanda ya saba da hazon hunturu a Kano ko Zinder zai iya zaton abu ɗaya ne. Namu mafi yawansa ƙurar Sahara ce da iska ke kwasowa. Na Beijing ƙonannen abu ne, kuma babban ɓangarensa a sama yake haɗuwa. Iskar sulfa daga kwal, da iskar naitirojin daga salansar mota da masana'antu, da amoniya daga taki da dabbobi, sukan gauraya su zama ɓurɓushi, kuma danshi na hanzarta wannan haɗuwa sosai. Da hazon ya yi kauri sai ya tare rana, ƙasa ta kasa ɗumama, murfin nan ya ƙara saukowa, hazon ya ƙara kauri.

Ma'aunin da za a yi ta ambata a nan shi ne PM2.5, ɓurɓushin da faɗinsa bai wuce maikromita 2.5 ba, wanda ke ratsa huhu har ya shiga jini. Ana auna shi da maikrogiram a kowace kubik mita ta iska. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada matsakaicin yini ya wuce 25. Ƙa'idar ƙasar Sin kanta a lokacin 75 ce a yini, 35 a matsakaicin shekara. Matsakaicin Beijing na shekarar 2013 ya kai 89.5.

Abu na ƙarshe da ya kamata a riƙe shi ne ranar 15 ga Nuwamba. A ranar ce ake kunna tukwanen ɗumama gidaje na birni kowace shekara, sai 15 ga Maris a kashe. A ƙauyukan gefe kuwa a lokacin kowane gida da murhunsa na kwal, da ɗan gajeren bututun da ke fesa hayaƙi daidai kan rufi, babu matata ko ɗaya.

2008 zuwa Satumbar 2015: abin da aka riga aka gwada

Taƙaita motoci ba baƙon abu ba ne a Beijing. Don wasannin Olamfik, daga 20 ga Yuli zuwa 20 ga Satumbar 2008, an yi dokar cika da mara: motar da lambarta ta ƙare da 1, 3, 5, 7 ko 9 ta fito a ranar mara, wadda ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 ta fito a ranar cika. Bayan wasannin aka bar wata doka mai sauƙi, kowace mota ta huta yini ɗaya a ranakun aiki a cikin titin zobe na biyar, ɗaya daga manyan titunan da suka kewaye birnin. Daga Janairun 2011 kuma samun sabuwar lambar mota ya koma sai ta hanyar ƙuri'a. Wannan ƙuri'a ta toshe wata ɓaraka da ta kassara irin wannan doka a birnin Meziko, inda aka fara hana motoci fita yini ɗaya a mako tun 1989, masu hali suka sayi tsohuwar mota ta biyu mai wata lambar, hayaƙi bai ragu ba.

Sau biyu aka sake ɗauko dokar cika da mara kafin lamarin da muke nazari. Na farko a farkon Nuwambar 2014, lokacin taron shugabannin APEC, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen Asiya da Pasifik. Na biyu daga 20 ga Agusta zuwa 3 ga Satumbar 2015, don faretin cika shekara 70 da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Duka biyun sama ta yi shuɗi garau, har mutanen birni suka riƙa yi wa launin laƙabi da sunan taron, cikin zolaya. A makonni biyun faretin matsakaicin PM2.5 bai kai 20 ba.

Sai dai a duka lokutan ba motoci kaɗai aka taɓa ba. An rufe ko an rage aikin dubban masana'antu a Hebei da Tianjin da Shandong da Shanxi da Mongoliya ta Gida, an tsayar da gine-gine, kuma an fara kwanaki da dama kafin ranar da ake so. A taron APEC har hutu aka ba ma'aikatan gwamnati da makarantu. Faretin kuma ya faɗo a ƙarshen bazara, babu ɗumama gida, iskar arewa na kaɗawa. Kashegarin faretin, da aka ɗage matakan, hazo ya dawo.

A tsakanin nan an samu Janairun 2013, watan da na'urar da ke ofishin jakadancin Amurka ta nuna 886 ranar 12 ga wata. Wannan ne ya tunzura gwamnatin tsakiya ta fitar da shirin yaƙi da gurɓacewar iska na shekara biyar a Satumbar 2013, aka ɗora wa Beijing ta sauko da matsakaicinta zuwa wajen 60 kafin ƙarshen 2017. A Oktobar shekarar birnin ya kafa gargaɗi mai hawa huɗu: shuɗi, ruwan ɗorawa, ruwan goro, sai ja. Bisa gyaran da aka yi a Maris na 2015, ana ɗaga ja idan hasashe ya nuna mummunan hazo zai wuce sa'o'i 72, kuma a sanar da jama'a sa'o'i 24 kafin a fara. Shekara biyu gargaɗin ja yana kan takarda, ba a taɓa ɗaga shi ba.

Hukumar kare muhalli ta birnin ta kuma fitar da lissafin inda ɓurɓushin ke fitowa a 2014. Kashi 28 zuwa 36 cikin ɗari daga wajen birni yake shigowa. A cikin wanda birni ke haifarwa da kansa, ababen hawa na da kashi 31.1, kwal 22.4, masana'antu 18.1, ƙura 14.3.

27 ga Nuwamba zuwa 2 ga Disambar 2015: hazon da ba a ɗaga masa ja ba

Nuwambar 2015 ta zo da dusar ƙanƙara da wuri, ta bar ƙasa jiƙe, iska cike da danshi. Shekara ce ta El Nino mai ƙarfi, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke sauya yanayi a duniya, kuma iskar arewa ta yi rauni fiye da yadda aka saba. Ga tukwanen ɗumama an kunna.

Daga ranar Juma'a 27 ga wata hazo ya fara taruwa. Ranar Lahadi 29 hukuma ta ɗaga gargaɗi mai ruwan goro, na farko a shekarar. Ƙarƙashinsa an umarci masana'antu kimanin 2,100 su tsaya ko su rage aiki, an hana tono da rusau a wuraren gini, an hana tifofin yashi da na ɓaraguzai hawa titi. Motocin gida ba a taɓa su ba. Ranar Litinin 30 ga wata, ranar da Shugaba Xi Jinping ke jawabi a taron sauyin yanayi na Paris, wasu tashoshin awo a kudancin Beijing sun haura 900. Da tsakar rana direbobi na kunna fitila. Wanda ya tsaya a bakin babban titi ba ya ganin saman benen da ke tsallake, rana kuma ta zama wani farin tabo da ake iya kallo da ido ba tare da ƙiftawa ba.

Kwana biyar ana cikin wannan hali. A daren 1 ga Disamba iska mai sanyi ta sauko daga arewa maso yamma. Da gari ya waye ranar Laraba 2 ga wata, sama shuɗiya, duwatsun yamma sun fito sarai, awo ya faɗo ƙasa da ƙa'idar Hukumar Lafiya a wurare da dama. Babu wani sabon mataki da aka ɗauka a daren.

Jama'a suka yi ca a intanet da tambaya guda: idan wannan bai isa ja ba, wane ne zai isa? Amsar hukuma ita ce hasashe bai nuna tun farko cewa hazon zai zarce sa'o'i 72 a jere ba, an yi tsammanin zai ɗan sassauta a tsakiya. Ministan kare muhalli na lokacin, Chen Jining, ya fito ya ce za a hukunta duk hukumar da ta yi jinkirin ɗaga gargaɗin da ya dace.

7 zuwa 10 ga Disamba: jan gargaɗi na farko

Sararin bai daɗe ba. Kafin mako ya zagayo iska ta sake kwantawa, aka ɗaga ruwan goro. Da yammacin Litinin 7 ga Disamba, wajen ƙarfe shida da rabi, sanarwa ta fito cewa an koma ja, daga ƙarfe 7 na safiyar Talata 8 ga wata zuwa 12 na ranar Alhamis 10 ga wata. Sa'o'i 53 ke nan. Tazarar sanarwa da farawa ba ta kai sa'o'i 13 ba, maimakon 24 da doka ta tanada.

Abin da aka umarta ya haɗa da dokar cika da mara a duk faɗin birni, daga ƙarfe 3 na asuba zuwa 12 na dare. Talata ranar 8 ce, don haka masu cika suka fito, Laraba masu mara. Lambar da ta ƙare da harafi an lissafa ta cikin cika. Tarar wanda ya karya yuwan 100 ce na kuɗin Sin, kuma kyamarorin kan titi ne suka fi kama mutane. An ƙara ajiye kashi 30 cikin ɗari na motocin gwamnati a kan wannan rabin. Bas-bas, tasi, motocin asibiti da na kashe gobara da masu aiki da lantarki zalla ba su shiga dokar ba. An tsayar da aikin gini a waje baki ɗaya, an hana motocin kwaɓa siminti da tifofi, an hana gashin nama a bakin titi da wasan wuta, masana'antun da ke cikin jeri suka tsaya ko suka rage, motocin yayyafa ruwa suka ƙara zagaye. Makarantun renon yara da firamare da sakandare an shawarce su su rufe, kuma sun rufe.

Daren Litinin ɗin ya yi wa iyaye wuya. Saƙon makaranta ya shigo waya bayan magariba cewa gobe babu aji, alhali ofisoshi ba su ba da hutu ba. Wasu suka kai yara wurin kakanni, wasu suka tafi da su wurin aiki, malamai suka riƙa tura aikin gida ta waya. Mai mota mai lambar mara da ya saba fita ƙarfe bakwai sai ya tsinci kansa a layin jirgin ƙarƙashin ƙasa da takunkumi a hanci, duk da an ƙara yawan jirage da bas-bas. Na'urorin tace iska na ɗaki da takunkumi masu kyau suka yi ta ƙarewa a shaguna.

A kan titi an ga bambanci nan take. Titunan zobe da ke cushewa kowace safiya suka saki, motar da ke kan hanya ta daina tsayuwa tana ƙona mai a banza. A sama kuwa ido bai ga komai ba. PM2.5 ya ci gaba da hawa a yinin Talata, ya kai wajen 300 a sassa da dama, ya zauna a sama har Laraba. Wannan ninki goma ne da ɗoriya na ƙa'idar Hukumar Lafiya, amma ko rabin abin da aka gani ranar 30 ga Nuwamba bai kai ba. Wato hazon da ya fi muni ya samu ruwan goro, wanda bai kai shi ba ya samu ja.

Hukumomin birnin, bisa lissafin masana da suka yi amfani da kwamfuta, sun ce a yinin farko matakan sun rage hayaƙin da ake fitarwa da kimanin kashi 30 cikin ɗari, kuma ba don su ba da PM2.5 ya ƙaru da kashi 10 a kan abin da aka auna. A lura da tazarar da ke tsakanin 30 da 10.

Ranar Alhamis iskar arewa ta iso kamar yadda aka yi hasashe. Ƙarfe 12 aka ɗage gargaɗin ƙarƙashin shuɗin sama.

18 zuwa 26 ga Disamba: ja na biyu, da abin da ya biyo baya

Karo na biyu an gyara kuskuren sanarwa. Da safiyar Juma'a 18 ga wata, sama tana da haske, aka shelanta cewa ja zai fara ƙarfe 7 na safiyar Asabar 19 ya ƙare 12 na daren Talata 22, sa'o'i 89. An fara matakan kafin hazon ya gama taruwa. Kwana biyun farko ba su yi munin da aka ji tsoro ba, har wasu suka fara cewa an tayar da hankalin mutane a banza. Daga Litinin abin ya yi nauyi, Talata ta fi kowace. Garuruwa da dama na Hebei su ma sun ɗaga nasu gargaɗin a wannan karon, Tianjin ta ɗaga janta na farko a makon. Nazarce-nazarcen da aka buga daga baya kan gargaɗin biyu sun sa ragin da aka samu a PM2.5 tsakanin kashi 10 da kashi 20 da wani abu cikin ɗari, gwargwadon hanyar lissafi, kuma wannan na dukan matakan ne a haɗe.

Aka ɗage ja a daren Talata, motoci suka dawo. Iskar da ta zo a wannan karon ba ta da ƙarfi, ba ta share filin kudu ba. Da safiyar Juma'a 25 ga Disamba birnin ya tashi cikin hazon da ya fi na ranakun ja duka, haɗe da raɓa mai kauri. Na'urar ofishin jakadancin Amurka ta haura 600. An soke tashin jirage sama da 200 a babban filin jirgin birnin. Hasashe bai hango girmansa ba, sai da rana ta yi aka ɗaga ruwan goro, ihu bayan hari. Sai da wata iskar arewa ta zo a ƙarshen makon aka samu sauƙi.

Shekarar ta rufe da matsakaicin 80.6, ƙasa da 85.9 na 2014. Da ba don makonni shidan ƙarshe ba da ragin ya fi haka nesa.

2016 zuwa 2017: aka juya kan kwal da tsofaffin injuna

A Fabrairun 2016 aka daidaita ma'aunin gargaɗi tsakanin Beijing da Tianjin da wasu garuruwan Hebei, aka kuma sa tsananin hazo cikin sharuɗɗa, ba tsawon kwanaki kaɗai ba. Da wannan sabon ma'auni, hazo irin na 30 ga Nuwamba ba zai sake tsallake ja ba. Daga Disambar 2016 aka hana motocin fetur mafi tsufa, masu matakin hayaƙi na ɗaya da na biyu, fita baki ɗaya a ranakun ruwan goro da ja, ko cika ko mara. Daga Fabrairun 2017 aka hana su shiga titin zobe na biyar a duk ranakun aiki. An sake ɗaga ja daga 16 zuwa 21 ga Disambar 2016, tare da garuruwa sama da ashirin na arewacin ƙasar, kuma shi ma iskar arewa ce ta rufe shi.

Babban aikin bai shafi ranakun gargaɗi ba. A Maris na 2017 aka kashe injunan kwal na tashar lantarki ta Huaneng, ta ƙarshe cikin manyan tashoshin kwal huɗu na birnin. Aka cire dubban ƙananan tukwanen kwal na ɗumama gidaje da na masana'antu, aka maye su da na iskar gas. Aka bi ƙauyuka gida gida ana cire murhun kwal ana sa na gas ko na lantarki da tallafin gwamnati. Aka rufe dubban ƙananan masana'antu marasa rajista. A lokacin sanyin 2017 aka haɗa Beijing da Tianjin da wasu garuruwa 26 a ƙarƙashin shiri ɗaya, aka rage narka ƙarfe da yin siminti na tsawon watannin ɗumama, masu bincike daga ma'aikatar muhalli suna yawo.

Wannan gaggawa ta zo da nata ɓarnar. A sassan Hebei an cire wa mutane murhu kafin bututun gas ya iso, inda ya iso kuma gas ya yi ƙaranci. Jaridun ƙasar sun buga hotunan 'yan firamare a gundumar Quyang suna karatu a tsakar fili suna neman rana, don ajin ya fi waje sanyi. A farkon Disambar 2017 ma'aikatar muhalli ta aika takardar gaggawa cewa duk inda ba a gama sauyin ba a bar mutane su ƙona kwal.

Matsakaicin 2016 ya zama 73, na 2017 ya zama 58. Ranakun mummunan hazo suka sauko daga 58 a 2013 zuwa 23 a 2017. Wani nazari da masana na Jami'ar Tsinghua da na hukumar birnin suka buga a 2019 ya rarraba ragin shekarun nan huɗu: kimanin kashi 65 cikin ɗari daga rage hayaƙin cikin birni, kashi 22 da rabi daga na maƙwabta, kashi 12 daga sa'ar yanayi, don ƙarshen 2017 ya samu iskar arewa akai-akai. A cikin matakan birni, cire tukwanen kwal ne kan gaba, sai sauya makamashin gidaje, sai sauya fasalin masana'antu. Matakan ababen hawa suna can baya da su.

Fabrairun 2020: gwajin da ba wanda ya shirya

Lokacin kullen korona, wanda ya haɗu da hutun sabuwar shekarar Sinawa, titunan Beijing sun zama wayam fiye da duk abin da wata dokar cika da mara ta taɓa yi. Duk da haka a tsakiyar mako na biyu na Fabrairu PM2.5 ya haura 200. Iska ta kwanta, danshi ya yi yawa, ana ɗumama gidaje, tashoshin lantarki da tanderun ƙarfe na yankin kuma ba a kashe su don kulle. Masanan da suka bi lamarin, ciki har da waɗanda suka buga a mujallar Science a shekarar, sun nuna wani abu kuma: da iskar naitirojin ta motoci ta faɗi ƙwarai, iskar ozon ta ƙaru, ita kuma ta hanzarta mayar da sauran hayaƙi ɓurɓushi. Shekarar ta rufe da 38. A 2021 aka samu 33, karon farko da birnin ya shiga cikin ƙa'idar ƙasarsa ta 35.

Hukunci

Yanayi ne ya buɗe kowane hazo a wannan lamari, shi ne kuma ya rufe shi. A daren 1 ga Disamba iska ta sauko da awo daga ɗaruruwa zuwa ƙasa da 25 ba tare da an ajiye motar gida ko ɗaya ba. A ranar 8 ga wata an ajiye rabinsu, awo ya ci gaba da hawa. Wanda ya kwatanta ranar doka da ranar da ta gabace ta, ya ce doka ta yi aiki ko ba ta yi ba, alkiblar iska kawai ya auna. Kwatancin da ke da ma'ana shi ne tsakanin abin da aka auna da abin da za a auna a wannan yanayin da ba a yi komai ba, kuma wannan lissafi ne na kwamfuta, shi ya sa alƙaluman masana suka bambanta.

Ƙaramin tasirin dokar motocin ba abin mamaki ba ne idan aka bi lissafin 2014. Ababen hawa kashi 31 ne na kashi biyu cikin uku, wato wajen kashi ɗaya cikin biyar na dukan ɓurɓushin. A ranakun mummunan hazo rabon da ke shigowa daga waje yakan haura rabi, sai nasu ya ƙara tsukewa. A cikin wannan ɗan rabon ma, manyan motocin dizal da ke ratsa birni da daddare, lokacin da murfin iska ya fi saukowa, sun fi ƙananan motocin fetur ɓarna nesa ba kusa ba. Dokar cika da mara ba ta bambanta sabuwar mota da tsohuwa mai tuƙa hayaƙi, lamba kawai take gani. Gyaran Disambar 2016, da ya kalli shekarun injin, ya fi ta hankali.

Ba na cikin masu cewa jan gargaɗin wasan kwaikwayo ne. Rage kashi 10 ko 20 a kan 300 ba ya canza launin sama, amma mai asma da tsoho mai ciwon zuciya da jariri suna shaƙar wannan bambanci, kuma rufe makarantu ya hana miliyoyin yara fita cikin hazon ko da awo bai motsa ba. Wanda ke zaune a bakin babban titi ya fi kowa cin moriya, don hayaƙin salansa kai tsaye yake shigar masa. Abin da lamarin ya nuna shi ne matakin gaggawa yana cin nasara gwargwadon sakkon da aka yi da faɗin ƙasar da ya rufe. Na 19 ga Disamba ya fi na 8 tsari don an fara shi sama tana da haske. Na APEC da na fareti sun fi su duka don an fara da kwanaki kuma larduna da dama sun shiga. Ɓurɓushin da ya riga ya haɗu a ƙarƙashin murfi ba dokar da ke fitar da shi, sai iska ko ruwan sama. Ranar 25 ga Disamba kuma ta tona inda tsarin ya fi rauni: komai nasa ya rataya a kan hasashen kwana uku, kuma sau biyu cikin wata guda hasashen ya kuskure hazon da ya fi muni.

Abin da ya sauko da Beijing daga 89.5 zuwa ƙasa da 35 shi ne rage hayaƙin da ake fitarwa kowace rana ta shekara, musamman na kwal da ake ƙonawa kusa da ƙasa ba matata, a cikin birni da kewayensa. Duwatsun suna nan, iskar kudu na zuwa, murfin na sauka kowane sanyi kamar da. A 2022 matsakaicin shekara ya tsaya a 30 da ranakun mummunan hazo uku kacal, wanda har yanzu ninki shida ne na sabuwar ƙa'idar shekara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato 5, da aka fitar a 2021.